BAYANI: Mene ne ilimin tantance bayanai, kuma me ya sa matashin Ajingi ke buƙatarsa?

Ƙaramar Hukumar Ajingi tana ƙarƙashin wace masarauta ce? Tambayar tana da sauƙi a baki, amma amsarta ta sauya har sau biyar cikin kimanin shekara biyar. Kafin watan Mayun 2019 Ajingi tana ƙarƙashin Masarautar Kano. A wannan watan gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, Ajingi ta faɗa cikin ta Gaya. A Nuwamban shekarar Babbar Kotun Jihar Kano ta soke dokar, a Disamba kuma majalisar dokoki ta sake yin wata. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe sababbin masarautun. A Yulin 2024 aka dawo da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu.

Saboda haka wanda ya turo hoton shafin jaridar 2020 mai cewa Sarkin Gaya sarki ne mai daraja ta ɗaya bai ƙirƙiri komai ba, haka ma wanda ya turo ta Yunin 2024 mai cewa babu Masarautar Gaya. Kowannensu gaskiyar lokacinsa ya ɗauko. Mai karatun da bai duba kwanan wata ba shi ne zai shiga musu da tsohon zance, yana rantsuwa cewa da idonsa ya gani a rubuce. Iya gane irin wannan tarko, da sanin inda za a je a samo amsar da ke aiki a yau, shi ne abin da masana ke kira ilimin tantance bayanai.

Ma'anarsa

Ilimin tantance bayanai shi ne mutum ya san lokacin da yake buƙatar bayani, ya san inda zai same shi, ya iya auna ingancinsa, sannan ya yi aiki da shi ba tare da ya cutar da kansa ko wani ba. Ya bambanta da iya karatu da rubutu. Akwai mai digiri da ke tura duk saƙon da ya shigo wayarsa, akwai kuma dattijon da bai taɓa zama a aji ba wanda ba ya karɓar zancen farashin hatsi sai ya ji daga bakin wanda ya ci kasuwar da kansa. A wannan fage dattijon ya sha gaban mai digirin. Ya kuma bambanta da iya sarrafa waya, domin wanda ya ƙware wajen buɗe shafuka da haɗa bidiyo yana iya zama shi ne ya fi kowa saurin yaɗa ƙarya.

A Turance an fara amfani da sunan wannan fanni a 1974, a wani rahoto da Paul Zurkowski, shugaban ƙungiyar kamfanonin harkar bayanai ta Amurka, ya rubuta. A 1989 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fitar da ma'anar da aka fi yawan kafa hujja da ita, wadda ta ginu a kan matakan nan huɗu na sama. Sanarwar Iskandariyya ta 2005, wadda Hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya suka tsaya mata, ta ɗauke shi a matsayin haƙƙin ɗan Adam a zamanin na'ura. Daga baya UNESCO ta haɗa shi da ilimin fahimtar kafafen yaɗa labarai. Najeriya tana da hannu a wannan tarihi: a Abuja aka ƙaddamar da ƙawancen duniya na wannan fanni a Yunin 2013, a Abuja kuma aka yi babban taron makonsa na duniya a Oktoban 2022. Ana gudanar da makon daga 24 zuwa 31 ga Oktoban kowace shekara.

Tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa

Sunan ne baƙo, aikin kuwa ɗan gida ne. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin hadisi a zaure ya san isnadi, wato jerin mutanen da zance ya biyo ta bakinsu. Malaman hadisi irin su Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ba su wadatu da daɗin lafazi ba. Sukan tambayi wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, ko sun taɓa haɗuwa, ko an san shi da gaskiya, ko kuma haddarsa tana da ƙarfi. Mutumin kirki mai yawan mantuwa ma ana iya raunana ruwayarsa ba tare da an zarge shi da ƙarya ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da a nemi tabbaci kafin a yi aiki da labarin da wanda ba a amince da shi ba ya kawo, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama.

Harshen Hausa kansa ya tanadi kalmomin rarrabewa. Akwai ganau, akwai jiyau. Akwai ji-ta-ji-ta da shaci-faɗi da ƙanzon kurege, kowanne da matsayinsa. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma daga cikin dalilan kafa ta akwai maganin raɗe-raɗin da ke yawo a Arewa gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, sun yi ƙoƙarin ba talaka mabuɗin karanta takarda da kansa. Abin da ya sauya a yau shi ne yawa da sauri. A da ƙarancin labari ne matsala, yanzu kuwa ambaliyarsa ce, kuma akasarinsa yana isowa ba tare da isnadi ba.

Yadda labari ke isa Ajingi

Ajingi tana gabashin Jihar Kano, a kan iyaka da Jigawa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 170,000, akasarinsu manoma da makiyaya, a mazaɓu 10 da suka haɗa da Toranke da Balare da Gafasa da Chula da Kunkurawa da Unguwar Bai. Ita da Gaya da Albasu suna da ɗan Majalisar Wakilai ɗaya, kuma suna cikin mazaɓar sanatan Kano ta Kudu.

A irin wannan wuri labari yana shigowa ta ƙofofi da dama. Akwai rediyo, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 har zuwa tashoshi masu zaman kansu na Kano, waɗanda Freedom Radio ta buɗe wa hanya a 2003. Akwai masallaci da kasuwa da majalisar dattawa da teburin mai shayi. Akwai kuma wayar hannu, wadda ta haɗa duk waɗannan ƙofofi wuri guda. Saƙon murya na WhatsApp ba ya buƙatar iya karatu, shi ya sa yake isa inda jarida ba ta taɓa zuwa ba. Sau da yawa matashin da ke riƙe da babbar waya shi ne ke karanta wa gida duka abin da ke faruwa. Idan ya tace, gidan ya tsira. Idan ya kwaso shara, da sunansa za a kai ta masallaci da kasuwa.

Rediyon ma yana buƙatar kunne mai rarrabewa. Labaran da ɗakin labarai ya tace daban, filin da wani ɗan siyasa ya biya kuɗi sojojin baka suka shiga suna yabo da zambo daban, ko da yake daga akwati ɗaya muryoyin ke fitowa. Mai sauraro da ya san wanda ya ɗauki nauyin shiri ya riga ya san rabin abin da za a faɗa a cikinsa.

Mataki na farko: daidaita tambaya

Yawancin musun siyasa a majalisun matasa yana tsawaita ne saboda tambayar ba ta da kai. "Me ya sa ba a yi mana komai ba?" koke ne, babu ofishin da zai iya amsa shi. "Wane ne ke da alhakin rufin wannan makarantar firamare, kuma an sa aikin a kasafin bana?" tambaya ce mai amsa. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, ya kuma sa su cikin harkar ilimin firamare da kiwon lafiya. Ginin azuzuwa yakan biyo ta Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, wadda ke karɓar tallafin Hukumar UBEC ta tarayya bayan jiha ta zuba nata kason. Ɗan majalisa kuwa ba ya riƙe da baitulmali. Aikinsa yin doka da sa ido, sai ayyukan mazaɓu da yake ba da shawarar a sa a kasafi, wata ma'aikata ko hukuma ta aiwatar. Wanda bai san wannan rabon aiki ba zai kai kukansa inda ba za a share masa hawaye ba, ya kuma yabi wanda bai yi aikin ba.

Haka abin yake a zaɓe. Hukumar INEC ce ke gudanar da zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna da na 'yan majalisa. Zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, kamar wanda aka yi a Kano ranar 26 ga Oktoban 2024, aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, wato KANSIEC.

Mataki na biyu: sanin mai riƙe da amsa

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kusan kowace tambaya ta jama'a tana da ofishin da ke ajiye asalin takardarta. Kason da Ajingi ke samu daga asusun tarayya ana raba shi ne kowane wata a zaman kwamitin FAAC, kuma Ofishin Akanta-Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa alƙaluman ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Wannan ya ƙara muhimmanci tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Sakamakon kowace rumfar zaɓe yana kan takardar EC8A da wakilan jam'iyyu ke sa wa hannu, kuma INEC tana ɗora hotonta a shafin IReV. Hasashen saukar damina da ɗaukewarta yana fitowa daga Hukumar NiMet a farkon kowace shekara, abin da ya shafi duk manomin da ke tunanin ranar shuka gero ko gyaɗa. Ƙungiyar BudgIT tana sauƙaƙa kasafin kuɗi, shirinta na Tracka kuma yana bin sawun ayyukan mazaɓu, kamar yadda Hukumar ICPC ta fara yi tun 2019.

Idan takardar ba ta fito fili ba, doka ta ba ɗan ƙasa ikon nemanta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2011, ta wajabta wa hukumar gwamnati ta amsa buƙata cikin kwana bakwai, kuma mai nema ba sai ya faɗi dalilinsa ba. An daɗe ana jayayya kan ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau. Misalin abin da bin takarda ke iya haifarwa shi ne Bagega a Jihar Zamfara, inda matasan da suka kafa shirin Follow The Money a 2012 suka matsa lamba har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin daga gubar dalma da ta hallaka yara.

Mataki na uku: auna abin da aka samu

Tambayoyin mai tantancewa ba su da nisa da na malamin hadisi. Wa ya fara faɗa? Yaushe? Ganau ne ko jiyau? Me zai samu idan aka yarda? Akwai wata kafa mai zaman kanta da ta tabbatar? Saƙon da ya fara da "wani babban likita ya ce" ko "majiya mai tushe daga fadar gwamnati", ba suna ba kwanan wata, isnadinsa a yanke yake. Kafofi goma da suka kwafo daga shafi ɗaya kuma shaida ɗaya ce, ba goma ba.

Wani bincike da Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford suka fitar a 2017 ya gwada ƙwararrun masu bin diddigin labarai da malaman tarihi da ɗaliban jami'a. Malaman da ɗaliban sukan tsaya a kan shafin da aka ba su suna duba kyan tsarinsa da tambarinsa, kuma da yawansu sun ruɗu. Ƙwararrun kuwa sukan bar shafin nan take su je su ga abin da wasu ke faɗa game da masu shi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa raka neman aure: ba a tambayar manemi halinsa, unguwarsu ake zuwa a yi bincike.

Hoto da bidiyo su ne suka fi wuyar sha'ani, domin an saba cewa gani ya kori ji. A Yunin 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa daga yankin Gashish suke. Binciken BBC ya gano cewa wasu daga cikinsu ba su da alaƙa da rikicin, har da wanda aka ɗauko daga wata ƙasa, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya da ta ci rayukan matafiya. Manhaja irin su Google Lens tana iya nuna inda hoto ya fara bayyana cikin 'yan daƙiƙoƙi. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira ke iya kwaikwayon murya da fuskar malami ko ɗan siyasa, ganin bidiyo kaɗai bai isa hujja ba sai an same shi a shafin mai maganar ko a wata kafa da aka sani.

Mataki na huɗu: karanta takarda da hankali

Samun asalin takarda bai kawo ƙarshen aiki ba. Shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris 2023 ta koyar da haka. INEC ta bayyana Abba Kabir Yusuf da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna da 890,705. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare ƙuri'a 165,663 ta ba Gawuna nasara. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a zamanta cewa ta kori ƙarar Abba. Amma da kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, sai aka ga wani sakin layi a ƙarshensa yana cewa an warware batutuwan ne don amfanin mai ɗaukaka ƙara, wato Abba. Kowane ɓangare ya ɗauki shafin da ya yi masa daɗi ya watsa. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Abba.

Wanda ya san tsarin shari'a bai yi murna ko baƙin ciki da wuri ba a cikin waɗannan watanni huɗu, domin ya san cewa shari'ar zaɓen gwamna tana da hawa uku, kuma mai kujera yana nan a kanta har hawa na ƙarshe. Ya kuma san cewa shafi ɗaya da aka yanko daga doguwar takarda yana iya faɗin akasin abin da sauran shafukan suka ginu a kai.

Kasafin kuɗi ma yana da irin wannan tarko. Ganin sunan hanya ko asibitin wani ƙauye a kasafi yana nufin an yi niyya. Amincewa da kwangila mataki ne na biyu, sakin kuɗi na uku, kammala aiki na huɗu. Magoya baya sukan nuna shafin kasafi su ce an yi, 'yan adawa su nuna fili su ce an cinye, alhali mai yiwuwa kuɗin bai ma fito ba. Tambayar da ke raba gardama ita ce a wane mataki aikin ya tsaya, kuma a teburin wa.

Mataki na biyar: alhakin turawa

Magana zarar bunu ce. Binciken da masana na Cibiyar MIT suka wallafa a mujallar Science a 2018, bayan nazarin labarai kimanin 126,000 a Twitter, ya nuna cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi, ba na'urori ba. Ƙarya takan zo da sabon abu mai tayar da hankali, kuma mai turawa yakan ji kamar taimako yake yi. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon da ya ce a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha ya karaɗe Najeriya cikin dare ɗaya, 'yan uwa suna tashin juna daga barci saboda ƙauna. Aƙalla mutum biyu sun mutu, wasu da dama sun kwanta a asibiti.

Masana sun kasa gurɓataccen bayani gida uku: kuskuren da aka yaɗa ba da mugun nufi ba, ƙaryar da aka shirya da gangan, da gaskiyar da aka fitar don cutarwa, kamar tona asirin wani ko ɗora tsohon bidiyo a kan sabon rikici. Mai ƙirƙirar ƙarya ba ya iya kai ta ko'ina sai da taimakon masu kyakkyawar niyya. Shi ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, ya kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya yi yawo da yawa. Wannan alama gargaɗi ce cewa wanda ya turo ba shi ne ya rubuta ba.

Akwai kuma doka. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Ƙungiyoyin 'yan jarida sun daɗe suna kukan cewa ana amfani da sashen wajen kama masu sukar gwamnati. Matashin da ke rubutu kan shugabanni yana da kariya mafi ƙarfi idan abin da ya rubuta yana da takarda a bayansa.

Tantancewa ta shafi aljihu ma. Shafukan bogi masu alƙawarin tallafi ko ɗaukar aiki suna neman lambar BVN da lambar sirrin da banki ke turowa, abin da babu bankin da ke tambaya ta waya. Tsarin MMM ya rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ya bi sahu a Afrilun 2025. Kafin zuba kuɗi ana iya duba ko kamfani yana da rajista da hukumar kula da hannayen jari, wato SEC.

Ƙin yarda da kowa ba tantancewa ba ne

Wasu suna ɗauka cewa wayewa ita ce ƙaryata duk abin da hukuma ta faɗa. Tarihin allurar shan-inna a Kano ya nuna tsadar wannan fahimta, ya kuma nuna cewa zargin jama'a yakan samo tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A 2003 zance ya bazu cewa allurar shan-inna tana ɗauke da sinadarin hana haihuwa, gwamnatin Ibrahim Shekarau ta dakatar da ita. Ba a koma ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma sayo maganin daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta ƙaru a Arewa, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai a Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano, a Sumaila, cikin Kano ta Kudu, kuma sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta. Abin da ya faru a 1996 gaskiya ne, amma bai zama hujja a kan wani magani daban na 2003 ba. Kowane zargi da nasa shaidar. Abin lura kuma shi ne an shawo kan lamarin ne da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga, wato mutanen da jama'a suka san isnadinsu.

Gwaji mafi wuya ga matashin ɗan siyasa shi ne labarin da ya yi wa ɓangarensa daɗi. Ɗan Kwankwasiyya ba ya buƙatar a koya masa shakkar zancen 'yan Gandujiyya, haka ma akasin haka. Ma'aunin mai tantancewa shi ne ko yana yi wa labarin gidansu tambayoyin da yake yi wa na abokan hamayya.

Nauyin da ba na mutum ɗaya ba

Ba daidai ba ne a ɗora wa matashin ƙauye dukkan laifi. Buɗe takardar kasafi mai ɗaruruwan shafuka yana cin data da caji, a wurin da wutar lantarki da sabis ba su da tabbas. Akasarin takardun gwamnati da hukunce-hukuncen kotu da Turanci ake wallafa su, alhali ji-ta-ji-ta da Hausa take zuwa, cikin murya mai daɗin saurare. Inda hukuma ta yi shiru, raɗe-raɗi ne ke cike gurbin, kamar yadda aka gani a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, sa'ad da wa'adin tsofaffin takardun naira ya tashi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, sannan Kotun Ƙoli ta tsawaita shi a ranar 3 ga Maris, 'yan kasuwar ƙauye suna ƙin karɓar kuɗin da doka ba ta soke ba.

Akwai masu ƙoƙarin cike giɓin. Dubawa, wadda aka kafa a 2018, da Africa Check da FactCheckHub suna bin diddigin iƙirarin 'yan siyasa da saƙonnin da ke yawo, Cibiyar CITAD da ke Kano kuma ta daɗe tana horar da matasa da sa ido kan kalaman ƙiyayya. Sai dai babu ƙungiyar da za ta iya shiga kowane zauren WhatsApp na Toranke ko Gafasa. Sakatariyar ƙaramar hukuma da ke liƙa kason wata-wata da jerin ayyuka a allon sanarwa, da Hausa, za ta kashe raɗe-raɗi fiye da kowace lacca. Kafin a kai ga haka, kowace mazaɓa daga cikin goman nan tana buƙatar aƙalla 'yan matasa da aka sani da cewa idan zance ya iso gare su sai sun tambayi wa ya faɗa, yaushe, kuma ina takardar, ko da zancen ya yi wa jam'iyyarsu daɗi.